Kwaɗon da ba ya neman karatu

Maganar yau tamu ce, mutanen Ɗan Barto da Matamaye da Kance, da ƴan'uwa na tsallaken iyaka a Kwangwalam da Mai'aduwa da Daura, da duk wanda muryar nan ta iske.

Duk wanda ya taɓa ba direba wasiƙa a tasha ya kai masa Damagaram ko Kano ya san ba a miƙa ta a buɗe. Naɗe ta ake yi, a sa a ambulan, a liƙe, a rubuta sunan mai ita a baya. Direban ma ya fi son haka, domin in magana ta fita ba za a ɗora masa ba. Sarakunan da sun ƙara wani abu a kan wannan: wasiƙun Sakkwato da na Barno hatimi suke ɗauke da shi, don wanda aka aika wa ya tabbata daga fadar da aka ce ta fito, daga nan ɗin ta fito. Liƙewa tana tsare sirri, hatimi yana tsare gaskiyar mai aike. Imel ɗin da mafi yawanmu muke amfani da shi yau bai cika ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Abin da sharhin yau zai kafa hujja a kai shi ne, gyaran wannan giɓi nauyi ne da ke kan masu ƙera manhaja da hukumomin da suke tilasta mana aika takardu. An daɗe ana ɗora shi a kan talakan da ke riƙe da salula, kuma shekaru talatin sun nuna cewa hanyar ba ta ɓullewa.

Wani zai ce mu nan ina ruwanmu da imel, ai da saƙon murya na WhatsApp muke ciniki. Gaskiya ne, cinikin wake da aya da dabbobi a bakin iyakar nan da murya ake ƙulla shi. To amma a duba inda takardu masu nauyi suke bi. Mai fiton kaya da ke jiran takardar farashi daga kamfani a Legas ko Dubai kafin ya tunkari duwan, ta imel take zuwa. Ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko neman tallafin karatu a waje, ta imel yake aika hoton katinsa na ɗan ƙasa da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa. Mai neman aiki a ƙungiyar agaji haka, mai neman biza haka. Hira tana WhatsApp, amma sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambar asusunsa suna kwance a akwatin imel. Bayan wannan, kusan duk mai riƙe da Tecno ko Itel ko Infinix yana da adireshin Gmail ko bai sani ba, tunda ba a sauke manhaja daga shagon Google sai da shi. Sau da yawa mai sayar da wayar ne ya buɗe masa, shi ya zaɓi kalmar sirrin, shi kaɗai ma ya riƙe ta.

Imel tsoho ne. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata da alamar nan da muke gani a tsakiyar kowane adireshi. A 1982 aka rubuta ƙa'idar da har yau saƙonni suke tafiya a kanta. Waɗanda suka tsara ta ƴan bincike ne da suka san juna, kamar ƙauyen da ba a sa wa rumbu kwaɗo, don haka ba su yi tanadin ɓarawo ba. Daga baya manyan kamfanoni sun kulle hanya: saƙo yana tafiya a rufe daga wayarka zuwa rumbunsu, yawanci kuma daga rumbunsu zuwa na wani kamfanin. Wannan ci gaba ne, ba a raina shi. Sai dai kamar kaya ne a motar da aka kulle, wadda in ta isa sito za a sauke buhunan, makullin siton kuma yana hannun mai sito. Shaida a kan haka ba ta da wuyar samu. Har zuwa 2017 na'urorin Google suna duba abin da ke cikin wasiƙun masu Gmail na kyauta don su zaɓa musu talla, sai a shekarar ne kamfanin ya sanar ya daina. Wanda ya iya dainawa, ai ya iya yi. A 2013 kuma aka fasa rumbun Yahoo, aka kwashi sunaye da lambobin waya da ranakun haihuwa, sai a 2017 kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi dukkan asusunsa, kusan biliyan 3. Wanda ya san yadda adireshin Yahoo ya yawaita a ofisoshin ƙasar nan zai gane cewa labarin bai yi mana nisa ba.

Maganin ya daɗe da samuwa, kuma fahimtarsa ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ilimin ɓoye rubutu da warware shi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi, tunda malamin nan Al-Kindi ya rubuta littafi a kansa a Bagadaza tun ƙarni na 9. Matsalar da ta daɗe tana damun masanan ita ce, in na kulle akwati na aika maka, yaya zan aika maka makullin ba tare da an kwafe shi a hanya ba? A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da dabarar da ta warware wannan. A misalta ta da kwaɗo. Ka sa maƙeri ya ƙera maka kwaɗuna masu yawa iri ɗaya, ka rarraba su a buɗe a kasuwa, duk mai so ya ɗauka, makullin kuwa guda ne, yana aljihunka. Wanda zai aiko maka saƙo ya sa a akwati, ya danna kwaɗonka. Daga lokacin shi kansa ba zai iya buɗewa ba, balle direba, balle mai sito. Da makullin nan naka kuma za ka iya buga wa saƙonka hatimin da kowa zai iya tantancewa amma ba mai iya kwaikwaya. Wannan shi ne kulle daga hannu zuwa hannu. A 1991 Phil Zimmermann ya saka dabarar a manhajar da ya kira PGP, ya sake ta kyauta. Gwamnatin Amurka ta shafe kimanin shekara 3 tana bincikensa kamar mai safarar makami, ta janye a 1996.

Tun daga lokacin kwaɗon yana nan, kyauta, mai ƙarfi, amma jama'a ba su ɗauka ba. A nan ne ake yawan yi wa mutane rashin adalci, a ce lalaci ne ko jahilci. A 1999 wasu masu bincike biyu a Amurka, Alma Whitten da Doug Tygar, sun zaunar da mutum 12 waɗanda suka saba da imel, suka ba su PGP da littafin bayaninsa da minti 90, suka ce su kulle saƙo su aika. Mafi yawansu sun kasa. Uku daga ciki sun aika sirrin a buɗe. Waɗannan ba baƙin kwamfuta ba ne, kuma da harshen da suke ji aka rubuta bayanin. A ƙarshen 2012 Edward Snowden, wanda daga baya ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka take tattara sadarwar jama'a, ya nemi ɗan jarida Glenn Greenwald, ya roƙe shi ya sa PGP don su yi magana, har ya haɗa masa bidiyon koyarwa. Greenwald lauya ne, marubuci ne, amma abin ya yi masa wahala ya ajiye, saura kaɗan labarin da ya girgiza duniya a 2013 ya kuɓuce masa. In lauyan da ake miƙa wa babban labarin rayuwarsa ya gaza, da wane ido za a kalli mai fiton kaya a Ɗan Barto, wanda motarsa take tsaye, rana tana faɗuwa, a ce masa ya zauna ya koyi ƙera makulli da tantance shi da ajiye shi?

Sai a gwada wannan da abin da ya faru a watan Afrilun 2016. A watan ne WhatsApp ya kammala sa kulle daga hannu zuwa hannu ga mutum sama da biliyan 1, bisa tsarin da masu manhajar Signal suka ƙirƙira. Ba a kira taron horo ba, ba a raba littafi ba, ba a tambayi kowa ko yana so ba. Dattijuwar da ke aika wa ɗanta murya a Agadas tana amfani da kulle mai ƙarfin da gwamnatoci suke kuka da shi, ba ta taɓa jin sunansa ba. Lissafin da ke ƙarƙashin PGP da na WhatsApp dangin juna ne. Abin da ya raba su, ɗaya ya ce wa mutum zo ka koya, ɗayan ya ɗauke masa aikin ya ɓoye a cikin waya. Na farko ya shekara 25 bai wuce hannun ƙwararru da ƴan gwagwarmaya ba, na biyu ya shiga kowace rumfar kasuwa. A ganina wannan gwaji ya riga ya yanke hukunci: kullen da sai an kunna shi da hannu, mutane kaɗan ne za su kunna, komai yawan wa'azin da aka yi musu.

Adalci ne a faɗi cewa imel ya fi wuyar gyara. WhatsApp kanti ne mai mai shi guda, in ya sauya ƙofa ta sauyu ga kowa. Imel kasuwa ce mai rumfuna dubbai, ba mai iya ba da umarni a kwana ɗaya. Amma wannan rashin mai gida shi ne darajarsa, domin ba kamfani ɗaya da zai iya rufe shi ko ya kore ka daga cikinsa gaba ɗaya. Kuma an nuna cewa gyaran mai yiwuwa ne. Tutanota da aka kafa a Jamus a 2011, da ProtonMail da wasu masana kimiyya suka kafa a Janiba a 2014, suna kulle saƙo tsakanin masu amfani da su ba tare da mutum ya taɓa makulli ba. Akwai tsarin Autocrypt, wanda yake maƙala kwaɗonka a jikin duk wasiƙar da ka aika, ta yadda amsar za ta iya dawowa a kulle. Manhajar Thunderbird ta sa kullen a cikinta tun 2020. Google ma a 2025 ya sanar da hanya mai sauƙi ta kulle saƙon Gmail, amma ga kamfanoni masu biyan kuɗi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini rai, domin ya nuna fasahar tana hannu, abin da ya rage shawara ce ta wa ya cancanta. Bankin da yake da ma'aikatan tsaro ya samu, ɗalibin da ya aika duk takardun rayuwarsa daga shagon intanet bai samu ba.

Sauƙin da ake aunawa a Janiba kuma bai isa awo a nan ba. A can ana ɗauka kowa yana da wayarsa shi kaɗai, da kwamfuta a gida, da intanet da ba ya yankewa. A nan waya ɗaya tana iya zagaya gida, tana faɗawa ruwa, ana sace ta ranar kasuwa, ana sayar da ita in damina ta matsa. Wannan ya kawo mu ga ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi a kan kulle daga hannu zuwa hannu, wato ɓatan makulli. Mai Gmail in ya manta kalmar sirri, kamfani yana iya mayar masa da akwatinsa da duk abin da ke ciki. Mai akwatin da aka kulle da gaske, in ya rasa kalmar sirri kuma bai ajiye hanyar farfaɗowa ba, tsofaffin wasiƙunsa sun tafi, ko kamfanin ba zai iya buɗe su ba. Ga wanda takardar shaidar karatunsa take ciki, wannan hasara ce ta gaske, kuma duk mai tallar kulle da ya ɓoye ta ya ci amanar mai sauraro. ProtonMail yana ba da kalmomi 12 a rubuta a ajiye, amma na Turancin Ingilishi ne, ga mutumin da ƙila ajami ya fi iya karantawa. Gyaran wannan ma aikin masu ƙira ne, kuma dabarar tana nan tun 1979, lokacin da Adi Shamir ya nuna yadda za a raba sirri kashi-kashi, ta yadda kashi ɗaya ba ya buɗe komai sai an haɗa adadin da aka ƙayyade. A ce makullinka ya kasu uku, ɗaya wurin yayanka, ɗaya wurin abokin cinikinka, ɗaya a takarda cikin adaka, kowane biyu su isa su dawo da shi. Mutanen da suka saba ba da ajiya a gaban shaidu ba sai an yi musu dogon bayanin wannan ba. Abin da babu shi ne manhajar da za ta yi shi da Hausa, da murya, a wayar jika talatin.

Akwai mai cewa shi ba shi da abin ɓoyewa. Ɗan kasuwa ba ya faɗin haka da zuciya ɗaya, domin ya san farashin da ya sayo kaya sirri ne, sunan mai ba shi bashi sirri ne, ranar da kuɗi za su taso sirri ne, kuma ba ko ɗaya a ciki da yake laifi. Addini ma ya hana bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurati. Ga kuma ɓangaren hatimi, wanda aka fi mantawa. A watan Fabrairun 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke, ɗan kasuwar Najeriya da aka sani da Invictus Obi, shekara 10. An yaudari babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac ya ba da kalmar sirrin imel ɗinsa, aka shiga akwatinsa, aka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, har kusan dalar Amurka miliyan 11 ta fita. Hukumar FBI ta ce irin wannan damfara ta cinye wa waɗanda suka kai mata ƙara kimanin dalar Amurka biliyan 2.9 a 2023 kaɗai. Ma'aikatan da suka biya sun ga adireshin maigidansu, kuma adireshin gaskiya ne. Da makullin hatimi a na'urar jami'in yake zaune, ba a rumbun kamfanin imel ba, da kalmar sirri kaɗai ba ta isa ɓarawo ya yi magana da bakinsa ba. Hatimi ba ya hana a sace wayar kanta, wannan gaskiya ne. Amma ya mayar da aikin ɓarawo daga zama a wata ƙasa yana aika saƙon yaudara zuwa dole ya sa hannu a aljihunka, kuma tazarar da ke tsakanin biyun babba ce. Ƙaramin ɗan kasuwa da aka sauya masa lambar asusu a takardar farashi ba shi da FBI da za ta bi masa sawu.

Ƙorafi na gaba ba a amsa shi da wasa a yankin da ya san garkuwa da mutane da satar shanu, daga dazukan Katsina da Zamfara zuwa kudancin Maraɗi. Ana cewa in aka kulle komai, jami'an tsaro sun makance. A 2020 majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar da ta ba hukuma damar kutsawa cikin wasu saƙonnin sadarwa saboda tsaron ƙasa, kuma ƙasashe da yawa suna neman a bar musu ƙofar baya a kowane kulle. Damuwar halastacciya ce, amma lissafin bai fita ba. Mai laifin da yake son kulle ya riga ya samu tun 1991, kyauta, ba kuma dokar da za ta goge lissafi daga duniya. Wanda rashin kullen imel yake bari a fili shi ne mai bin doka. Ita kuwa ƙofar baya ba ta tambayar mai shiga ko shi wane ne. A 2024 aka gano cewa masu kutse, waɗanda Amurka ta ce daga Sin suke, Sin kuma ta musanta, sun shiga manyan kamfanonin wayar Amurka, har cikin tsarin da aka gina don sauraren da kotu ta ba da izini. A watan Disamban shekarar jami'an Amurka da kansu suka shawarci jama'a su koma ga manhajoji masu kulle. Ƙasar da ta fi kowa kuɗin tsare irin wannan ƙofa ba ta iya tsare ta ba. Sannan kulle ba ya ɓoye bayan ambulan: wa ya aika, wa aka aika wa, yaushe, daga ina. A 2021 ProtonMail ya miƙa adireshin intanet na wani ɗan fafutuka na Faransa bisa umarnin hukumomin Suwizalan, ko da yake bai iya miƙa abin da ke cikin wasiƙunsa ba. Wannan gargaɗi ne ga ɗan jaridar da yake zaton kulle ya mayar da shi iska, kuma amsa ce ga mai cewa bincike ya mutu.

Saura mai cewa to a bar imel mana, a aika komai ta WhatsApp. Ga hira da ciniki na yau da kullum, wannan shawara ce mai kyau, kuma in zaɓi ya kasance tsakanin aika hoton kati ta imel a buɗe da aika shi ta WhatsApp ga wanda ka tabbatar da lambarsa, na biyun ya fi. Amma asusun WhatsApp a jikin lambar waya yake rataye, kuma mutanen bakin iyaka sun san yadda layi yake mutuwa, ko a rufe shi, ko a yaudari mutum ya karanta lambobi 6 a ƙwace masa asusu. Jami'a da ofishin jakadanci da banki ba sa karɓar takarda ta nan, kuma ba za su fara ba. Talaka ba shi ya zaɓi imel ba, su suka zaɓa masa.

Tunda su suka zaɓa, daga wurinsu ya kamata a fara. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun watan Mayun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa kula da ita. Najeriya ta sa hannu a tata dokar a watan Yunin 2023, kuma sashe na 37 na tsarin mulkinta na 1999 ya ambaci sirrin wasiƙa da na waya da suna. Dokokin nan biyu suna ɗora wa mai karɓar bayanan mutane nauyin tsare su. Duk da haka har yau ana ganin sanarwar ɗaukar aiki ko ta gasar shiga makaranta da ke cewa a aika hoton kati da takardar haihuwa zuwa adireshin Yahoo ko Gmail, wanda ba a san mutum nawa suka riƙe kalmar sirrinsa ba, ba a kuma san inda takardun suke zuwa ba in ma'aikacin ya bar aiki. Hukumomin kare bayanai na ƙasashen biyu suna da hurumin cewa duk ofishin da zai nemi irin waɗannan takardu ya tanadi akwatin da yake kulle su tun daga wayar mai aikawa, ya kuma buga hatimi a duk wasiƙar da yake fitarwa, ta yadda wayar mai karɓa za ta nuna masa alama mai sauƙi cewa daga ofishin ta fito. Bankuna da kamfanonin aika kuɗi da manyan masu shigo da kaya su ne na biye, domin su ne ake kwaikwayon muryarsu. In waɗannan suka fara nema, masu sayar musu da manhaja za su kawo, kuma abin da aka ƙera don babban ofishi a Yamai ko Abuja shi ne zai gangaro har rumfar mai fiton kaya da ke jiran takardarsa a bakin shingen Ɗan Barto.